Sun Ce In Koya wa Ɗana Ya Daina Ce Min Inna

Assalamu alaikum 'yan wannan gida. Admin, don girman Allah ki ɓoye sunana da lambata, ki saka min wannan yadda na rubuta shi ko da ya yi tsawo. Shawararku nake roƙo, kuma kwana tara ne kacal suka rage min. Sunayen da za ku gani duk na canza su.

Ni mace ce, shekarata arba'in da bakwai, a Makka nake zaune, a Misfala, can saman dutse inda mota ba ta hawa. Na zo Umara da mijina ina 'yar shekara goma sha tara, muka yi zamanmu kamar yadda mutane da yawa suka yi. Ba ni da iƙama, wato takardar izinin zama, ban taɓa samu ba. Don Allah kada wani ya ɓata lokacinsa yana min wa'azi a kan wannan a comment, na san laifi ne, kuma in kun karanta zuwa ƙarshe za ku ga ban ci bulus ba.

Da naƙuda ta zo min ban je asibiti ba, don tsoron kada a tambaye ni takarda. Kwana biyu ina abu ɗaya a ɗaki, wata tsohuwa 'yar Damagaram ce a kaina. Yaron ya faɗo bai yi kuka ba, sai da aka daɗe ana jijjiga shi ana hura masa baki. Ranar Juma'a ce, shi ya sa nake ce masa Ɗanjuma. Kafin a yi suna ya fara sanƙarewa, idonsa ya juye, bakinsa ya yi kumfa. Duk wanda ya gan shi ya san in ba asibiti ba yaron nan ba zai kai wata ba, mu kuwa daga ni har ubansa babu mai takardar da zai nuna a bakin ƙofa.

Mijina yana da ɗan baffa a nan, ana ce masa Abu Faisal. Babansa tun zamanin da can ya zo ƙasar, shi a nan aka haife shi, cikakken ɗan ƙasa ne, gidansa a Aziziyya, Hausarsa ma sai ya haɗa da Larabci take fita. Shi ya kawo shawarar a sa yaron a katin iyalinsa, a ce matarsa Ummu Faisal ce ta haife shi a gida. A lokacin abin bai yi tsanani ba, shaidu biyu sun isa. Aka zo ɗakina ana maganar, mata cike, maza a bakin ƙofa. Mijina ya leƙo ya ce, "Hajara, kin ji abin da Yaya ya ce?"

Ku da kuke gida kun san kunyar ɗan fari. A inda na taso uwa ba ta kiran sunansa, ba ta ɗaukarsa a gaban surukai, in an tambaye ta abu a kansa sai dai ta sunkuyar da kai. Ni kaina ƙanwar babana ce ta riƙe ni, sai da na yi wayo na san ba ita ta haife ni ba, kuma ban ga abin da ya rage min ba. To ni riƙo na ɗauki maganar, irin na gida, wanda kowa ya san uwar yaro ya san marikiyarsa. Na ja mayafi na rufe fuska, matan suka yi dariya suka ce kunya ce, ta yarda. Ban ce e ba, ban ce a'a ba. Ban san a ƙasar nan abin da aka rubuta shi ne gaskiya ba, abin da kowa ya sani kuma ba a bakin komai yake ba. Aka rubuta shi Yusuf, da sunan Abu Faisal a bayansa.

Zan faɗi gaskiya don Allah yana gani, takardar nan ta ceci ransa. Aka kwantar da shi a asibiti, aka ce numfashin da ya yanke masa wurin haihuwa ya taɓa ƙwaƙwalwa, ba zai yi tafiya ba, kuma zai rayu da farfaɗiya. Aka ɗora shi a kan magani, har yau kyauta ake ba shi. Wannan alherin ban manta ba, kuma shi ne igiyar da aka ɗaure ni da ita.

Amma riƙon a takarda ya tsaya. Shekarar Ɗanjuma ashirin da bakwai, bai taɓa kwana ɗaya a gidan Abu Faisal ba. Ni ce wanka, ni ce canjin pampas, ni ce juya shi kada bayansa ya yi gyambo, ni ce aske masa gemu yanzu da ya zama namiji. Yana ɗan shekara tara aka kama ubansa yana turin keken alhazai aka mayar da shi gida, bayan shekara uku ya rasu a can, ko gawarsa ban gani ba. Lokacin da aka mayar da shi, mutane suka ce ki bi shi mana. In bi shi da wa? Yaron ɗan ƙasa ne, ɗan wani ne, in na nufi filin jirgi da shi sunana mai satar yara. Na zauna. Lokacin Hajji ina sharar gidajen alhazai, sauran shekara ina yin waina da tuwo a gida 'yan garinmu suna aikowa su saya. In zan fita maƙwabciyata Iya Balki ke duba min shi.

Maganarsa ba ta da yawa, kalmomin da yake iya faɗa ba su fi goma sha biyu ba, kuma kowacce na san wahalar da na sha a kanta. Yadda nake koya masa, in ina masa wanka ko ina ba shi kunu sai in yi ta maimaita kalma ɗaya, yau da gobe, wata da watanni. Ranar da ya faɗa daidai sai in yi masa tafi. Babu abin da yake so a duniya kamar tafin nan, sai ya wurga kai baya ya yi ta dariya har miyau ya zubo. Kunyar ɗan fari kuwa tuni na jefar da ita, wa zan ji wa kunya a saman dutse? Sai da ya shekara bakwai ya ce min Inna.

Duk wata Abu Faisal yakan aiko min da riyal ɗari uku a ambulan, wani lokaci da ledar pampas. In Sallah ta zo ya ba ni a gaban baƙinsa, su yi ta ce masa jazakallahu khairan, ni ma in durƙusa in yi godiya. Shekara goma sha ɗaya duk sanda na samu shiga Harami sai na ambaci sunansa a addu'a kafin in ambaci nawa. Sai wata rana a layin karɓar magani wata mata mai irin ɗana ta tambaye ni ko tallafinmu na wannan watan ya shigo. Na ce wane tallafi? Ta dube ni kamar na faɗo daga sama. Ita ta lissafa min, akwai kuɗin da hukuma ke ba naƙasasshe duk wata, akwai ƙarin da ake yi wa magidanci in yana da irin wannan a ƙarƙashinsa, ko da ya girma, tunda ba zai iya riƙe kansa ba. Akwai gado na asibiti, akwai katin ajiye mota a wurin naƙasassu, akwai bizar ɗauko 'yar aiki ba tare da biyan kuɗin biza ba. Ina tsaye ina jinta, sai na tuna katin da ke maƙale a gilashin motar Abu Faisal, na tuna gadon da surukarsa ta yi jinya a kai, na tuna 'yar aikin da ke goge masa riguna. Ɗana kuwa a katifa yake a ƙasa.

Na same shi da maganar cikin ladabi, wallahi ko muryata ban ɗaga ba. Ya ce min wa ya ɗauki hatsarin, in asiri ya tonu shi za a ɗaure ba ni ba, shi zai rasa aikinsa, 'ya'yansa su shiga uku. Ya ce kuɗin da sunan ɗansa suke fita, kuma abin da yake ba ni kyautatawa ce, ba dole ba. Ya rufe da cewa, "Halas ya Hajara, kada in sake jin wannan kalam." Na koma gida na yi kukana na share hawaye. Daga ranar ban ƙara sa shi a addu'a ba, ban kuma yi masa mummuna ba, na dai cire shi.

Abin da ya fi kuɗin ci min rai shi ne ranar sabunta report. Lokaci zuwa lokaci dole a kai Ɗanjuma likitoci su duba shi su tabbatar har yanzu naƙasasshe ne, kamar dai ana tsammanin zai miƙe ya ruga. Ranar sukan zo da mota su tsaya a gindin dutse. Ni da maza biyu na unguwa mu sauko da shi, matakala sittin da ɗaya, na ƙirga su ya fi sau dubu. Ina sa masa farar riga mai guga, in fesa masa turare. Da mun shiga asibiti Ummu Faisal ta karɓi fayil ta wuce gaba, ni in tura keke a baya, sunana shaggala, wato 'yar aiki. Likita ya tambaye ta sau nawa ya faɗi a watan nan, sai ta juyo ta kalle ni, in ɗaga mata yatsu a ɓoye. Ya tambaye ta yana haɗiye abinci mai tauri, ta sake juyowa. Akwai ranar da likitan ya ga bayansa babu gyambo ko ɗaya, ya ce mata, "Masha Allah, kin yi dacen shaggala, ki riƙe ta da kyau." Ta yi murmushi ta ce, "Wallahi dakta, kamar 'yar gida take a wurinmu." Ina tsaye a bayan keken ɗana, hannunsa riƙe da gefen abayata, na ce na gode.

Duk wannan na haɗiye, da a haka aka tsaya da ba ku ji ni ba. Sati biyu da suka wuce sai ga Abu Faisal da kansa ya hawo dutse, rabonsa da ɗakina shekara shida, yana haki yana dafa bango. Ya ce an turo masa saƙo, za a aiko ma'aikaciya ta zo gida ta ga inda Yusuf yake kwana, ta tabbatar a ƙarƙashinsa yake zaune kamar yadda ya cike a form. Ya ce ba zuwa ɗaya ba ne, suna iya dawowa ba sanarwa, suna kuma tambayar maƙwabta. Saboda haka dole yaron ya koma Aziziyya da zama gaba ɗaya, har sun gyara masa ɗaki a ƙasa, sun fito da gadon nan daga sito. Ya sa ranar da za su zo ɗaukarsa, ita ce yau saura kwana tara.

Na ce to, ba komai, ai na saba, zan tattara kayana in biyo shi a matsayin shaggala. Sai ya sunkuyar da kai ya ce ba zai yiwu ba. 'Yar aikin da aka ɗauko da sunan Yusuf tana gidan, da iƙamarta, ita hukuma ta sani. In aka zo aka ga wata mace ta biyu marar takarda, laifin ɓoye ni kaɗai ya isa ya kai shi ƙasa. Kun ji fa. A gidan da za a kai ɗana, ko gurbin 'yar aiki ban samu ba, an riga ni. Ya ce zan iya zuwa duk Juma'a bayan la'asar in gan shi, a matsayin tsohuwar maƙwabciya.

Na ce masa akwai hanya mai sauƙi, ka je ka ce ba ka son tallafin, ka cire sunansa daga abin da kake karɓa, a bar masa maganinsa kawai, ni ban nemi ko sisi ba, ɗari ukun ma na yafe. Ya ce in ya janye daidai lokacin da aka ce za a zo, shi ne zai jawo bincike. Da na matsa sai gaskiyar ta fito, akwai motar da yake biya wata-wata, akwai 'yar aikin da Ummu Faisal ba za ta iya zama babu ita ba saboda ciwon gwiwa. Na ce ni tawa gwiwar ta ƙarfe ce?

Har ya miƙe zai tafi sai ya tsaya ya ce saura abu ɗaya. A asibiti in Ɗanjuma ya ce Inna babu mai kula, ba su san me yake nufi ba. Amma ya bincika, ma'aikaciyar da ke zagaya unguwarsu jikar mutanen Kano ce, tana jin Hausa sarai. In ta tambaye shi ina mamarka, ya hau kiran Inna yana waige-waige, ko ta zo ranar da nake gidan ta ji abin da yake ce min, an gama. Ya turo min hoton matarsa a waya, ya ce in riƙa nuna masa ina cewa Ummi. Ni kuma in koya masa ya kira ni da sunana. Ya ce, "Ke kaɗai yake ji, ya Hajara. In kina son sa, ki taimake shi."

Ban zauna ba. Na je wurin wani malami da nake ganin girmansa, ya ce jingina yaro ga wanda ba ubansa ba babban zunubi ne, in je in faɗi gaskiya in sauke nauyi. Na ce Malam, in na faɗa za a soke takardarsa, maganin farfaɗiyar fa? Ya ce Allah ne mai bayarwa. Na san haka, amma na taɓa ganin abin da ya faru da maganin ya yanke kwana huɗu, sai da ya ciji harshensa jini ya jiƙa filo. Kuma in na faɗa, ni za a fara sawa a mota, shi kuma ban san inda za a ajiye mutumin da ba ɗan nan ba, ba kuma ɗan can ba. Iya Balki ta ce in ɗauke shi mu ɓace, tana da 'yar'uwa a Jidda. Na ce katinsa yana hannun Abu Faisal, kuma in ya kai ƙara cewa zai yi an sace masa ɗa, duk takardar duniya kuma za ta gaskata shi. Ummu Faisal ma ta kira ni tana kuka, ta ce in tuna 'ya'yanta mata biyu da ke aiki, in abin ya fashe har su zai shafa, ta ce wallahi za ta riƙe shi amana. Ban ce ƙarya take ba. Amma matar nan ba ta san ta wane gefe ake kwantar da shi in ya faɗi ba, kuma duk sanda ta taɓa shi ihu yake. Ita ma 'yar aikin baiwar Allah, ba laifinta, ba ta jin Hausa, Larabcin ma kaɗan-kaɗan, ta yaya za ta gane in ya ce ruwa?

Ina jin haushin Abu Faisal, ina jin haushin mijina da ke kabari, ina jin haushin matan da suka yi dariya ranar nan. Amma wadda na fi jin haushi ita ce yarinyar da ta ja mayafi ta rufe fuska don kada a ce ba ta da kunya.

Yanzu ga abin da ya sa na rubuto, kuma ko Iya Balki ban gaya wa ba. Tsoro ya sa na fara koya masa. Na ce ko me zan yanke, gara ya iya, kada bakinsa ya jawo masa. Ina masa wanka ina cewa Hajara, ina ba shi kunu ina nuna ƙirjina ina cewa Hajara. In ya ce Inna sai in kau da kai kamar ban ji ba. A raina na ce ai ba zai iya ba, wanda ya shekara bakwai kafin ya ce Inna, sai in ce wa Abu Faisal na gwada ya gagara. Na manta tun yana jariri yake jin 'yan unguwa suna ƙwala min kira da sunan nan. Jiya da safe ina goge masa baki bayan ya gama shan kunu, sai ya dube ni, ya tattaro duk ƙarfinsa, wuyansa har rawa yake, ya ce, "Ha-ja-ra." Ya faɗa daidai. Sannan ya zuba wa hannuwana ido yana jira.

Na yi masa tafi. Ya wurga kai baya ya yi ta dariya.

Daga jiya zuwa yanzu da nake rubutun nan bai sake cewa Inna ba, tunda ya ga wannan ce ke kawo tafi. Sai kirana yake da sunana yana murna, ni kuma ina amsawa.

Iyaye mata na wannan gida, da masu ilimin addini, da wanda ya san dokar ƙasar nan, ku dube ni don Allah. In miƙa shi ya samu gado da magani, in riƙa zuwa duk Juma'a ina sallama a bakin ƙofa? Ko in faɗi gaskiya, ya dawo ɗana a baki, mu rasa komai har da junanmu? In akwai hanya ta uku da ban gani ba ku nuna min kafin kwana taran nan su cika. Kuma wadda ta san yadda zan yi in mayar masa da kalmar da na ƙwace a bakinsa, ta fara gaya min wannan, don ban sani ba ko ina da wata shekara bakwai ɗin.